Hannun Daman Kawu a Majalisa

Na koyar da tarihi har gashin kaina ya koma launin alli, saboda haka ina da izinin faɗar babbar magana, kuma ga ta: tun ranar da aka fara ɗaukar mutum daga Bauchi ana tura shi majalisar ƙasa, babu abin da ya wakilci garin nan tsakani da Allah kamar hannun daman kawuna. Mutanen da muka tura sun je. Wasu sun yi magana, wasu sun yi tafi, wasu ba a ji ɗuriyarsu ba sai ranar rabon kujerar Hajji. Amma rigunan da ke jikinsu ba su taɓa fashin zama ba, ba su taɓa sauya sheƙa ba, kuma Kawu ne ya yi musu aiki.

Ƙanen mahaifiyata ne. Sana'arsa aikin wuyan babbar riga, na hannu, allura da zare, a wani zaure a Jahun da ke kallon filin firamaren unguwa. Dogo ne har abin ya yi yawa. Ƙofar zaurensa ma sai ya sunkuya mata. In ka ga tsayin sai ka ɗauka mai faskare ne, sai ka ga yatsun, sirara, a natse, kamar an aro su daga jikin wani. Ba ya sara itace, ba ya ɗaukar bokiti da dama, in kuwa ya san kai mai matse hannu ne wajen gaisuwa, tun daga nesa yake dafe ƙirji. Matarsa, wadda muke kira Inna, takan ce su uku ne a gidan: ita, da shi, da hannun, kuma hannun ne maigida.

Shi ya fara koya mini tarihin wakilcinmu kafin in karanta a littafi, kuma nasa ya fi na littafi tsari, domin da riga yake raba zamani. Lokacin da majalisa take Ikko, wakili ya hau jirgin ƙasa ya yi kwanaki a hanya, zamanin aska biyu ne, aiki mai kunya, Kawu yana saurayi a gaban mahaifinsa. Da soja suka yi dogon zamansu suka tashi, farar hula ta dawo da sanatoci har cikin mota guda daga jiha ɗaya, sai aka shiga zamanin aska takwas, aiki tun daga wuya har cibiya, shadda tana ƙara in mutum ya juya. Kowane zamani kuma da irin dukansa. Na farko gora ce, a tare hanya, a fasa kai, a koma gida. Na biyu dutse ne, wanda Allah ya hore wa Bauchi ba ƙaramin horewa ba, a bi ayarin motoci da jifa tun daga Ƙofar Ran har sai gilashi ya ƙare. Kawu ya ga duk wannan ta ƙofar zaure. In aka fara gudu sai ya jawo ƙyaure, ya matsa kusa da taga, ya ci gaba da aikinsa.

Sau ɗaya tak ya fita.

Soja ne kuma a kan mulki, suka ce za su sauka amma a hankali. Suka haifi jam'iyyu biyu da kansu, suka gina musu ofisoshi iri ɗaya kamar tagwaye, suka ce kowa ya zaɓi wadda zuciyarsa ta kwanta da ita. Suka ce an daina jefa takarda cikin akwati, domin akwati yakan haihu a hanya. Sabon tsari layi ne. A ɗaga hoton ɗan takara, duk mai son sa ya tsaya a bayan hoton da rana tsaka, a gaban surukinsa da mai gidan da yake haya, jami'in zaɓe ya bi layi yana ƙirga mutane da ƙarfi kowa yana ji. Wanda ya bar layi kafin a zo kansa, babu shi. Mu malaman makaranta mun yaba da tsarin ƙwarai, har muna kwatanta shi da na mutanen Girka na dā. 'Yan siyasa kuwa, da ba su karanta Girka ba, su suka fara gane abu biyu. Na ɗaya, in mutane suka zama akwati, mai son fasa akwati mutane zai fasa. Na biyu, layi ba shi da kai sai hoto. Na can baya ba ya ganin jami'i, ba ya jin ƙirga, hoton kawai yake hange. In hoto ya faɗi sai ya ɗauka ko an gama ko an fara, ya kama gabansa. Saboda haka kowace jam'iyya ta shiga neman dogon mutum mai taurin kai.

Ciyaman ɗin ɗaya daga jam'iyyun a mazaɓarmu, wani dillalin filaye mai murya kamar lasifika, ya shigo zauren Kawu da hantsi, ina zaune. Yana ɗauke da hoton, an manna shi a falanki, an kafa masa doguwar sanda.

"Sarkin allura, ranka ya daɗe," in ji shi. "Ɗan aiki ne. Ka tsaya, ka ɗaga, a ƙirga, ka dawo kan ɗinkinka."

"Ni ba na siyasa," in ji Kawu, bai ko ɗago kai ba.

"Wa ya ce siyasa? Tsayi muka zo aro."

"Ga turakun lantarki can, ba aikin da suke yi. Ari ɗaya."

Ciyaman ya yi dariya, ya juyo da hoton ya jingina shi a bango inda haske yake faɗawa. Ya san abin da yake yi. Ɗan takarar sanata ne, wanda yawancinmu ba mu taɓa gani ido da ido ba saboda a Kaduna yake zaune, yana murmushi cikin farar shadda. Kawu ya ɗago, ya duba, ya ajiye allura. Bai kalli fuskar ba. Wuyan rigar ya kalla.

"Wannan aikina ne," ya ce. "Da azumin bara na yi shi. Tica, dubi tambarin nan. Duk garin nan wa zai juya zare haka?" Tica yake ce mini tun da na fara koyarwa, rabi girmamawa, rabi tsiya.

"To ka ga na ɗaya ɓangaren?" Ciyaman ya zaro ƙaramar fastar abokin hamayya daga aljihu ya miƙa masa. Kawu ya kai ta kusa da ido, ya mayar da ita kamar wanda aka miƙa wa mataccen ɓera.

"Aikin inji ne."

"Inji ne kuwa, ranka ya daɗe."

"Mutum ya sa aikin inji ya shiga majalisa, ya buɗe baki ya ce daga Bauchi yake?" Ya girgiza kai. "Bar hoton nan."

Wannan ita ce duk aƙidar siyasar Kawu. Na karanta manufofin jam'iyyun nan biyu tun daga bango har bango, ban ga wadda ta fi ta ma'ana ba.

Ciyaman yana fita Inna ta leƙo daga cikin gida. Ta ji komai.

"Malam, da wane hannu za ka riƙe?"

"Da wanda Allah ya ba ni."

"Biyu ya ba ka. Na hagu naka ne, kai shi inda ka ga dama. Na dama namu ne. Shi ne tukunya, shi ne makarantar yara. Ka sa shi cikin riga, kada ya ga rana."

"Tica, ka ji hukuma."

"Tica shaida ne," in ji ta. "Faɗi a gabansa."

Ya faɗa a gabana.

Ranar zaɓe damina ce, an kwana ana ruwa, filin firamare ya zama caɓi. Bayan kowane hoto layi biyu, na maza da na mata, kafaɗa da kafaɗa. Na abokan hamayya gajere ne, jami'in zaɓe ya gama da shi nan da nan. Wani malamin firamare ne siriri, kamar iska za ta ɗauke shi, da biro a hannu, yana taɓa kafaɗar kowa da shi in ya ƙirga. Namu layin ya bi jikin katanga, ya fita ta ƙofar makaranta, ya lanƙwasa kan titi. Kawu yana gaba, sanda a hannun hagu, hoto can sama, hannun dama cikin riga a kan ƙirji kamar mai ciwon zuciya. Ina kusa da shi, mutane kaɗan ne tsakaninmu. Hukuma kuma ta turo mana ɗan sanda guda da kulki.

Biro ya taɓa Kawu, ya taɓa na bayansa, ya taɓa ni, ya wuce. Bai yi nisa ba sai ga wata a-kori-kura ta tsaya a bakin titi. Waɗanda suka diro ba 'yan unguwarmu ba ne, ba fuskar da muka sani. Lokacin ba a raɗa musu suna sara-suka ba tukuna, wannan sai daga baya da sana'ar ta samu ci gaba. 'Yan banga ake ce musu. Gora mai ƙusa, sarƙar keke, barandami. Waɗanda suka zo hannu banza suka shiga aji suka karya benci suka fito da ƙafafunsa.

Daga wutsiyar layi suka fara. Dutse na farko ya sami wani tsoho mai sayar da goro a baki, ya durƙusa yana tofar da haƙora cikin laka, yana tattara su kamar za a mayar masa. Wani tela suka sare shi a kafaɗa, rigar ta rabu biyu, naman da ke ƙarƙashinta ma haka. Layin mata ya yamutse, takalma suka tsaya cikin caɓi masu su suka yi gaba. Ɗan sandanmu ya tafi neman ƙarin ƙarfi ta kan katanga. Ciyaman yana ta cewa kada wanda ya motsa, muryar tana fitowa daga bayan tankin ruwa. Shi kuwa malamin firamare bai daina ƙirga ba. Har yau ban sani ba ko jarumta ce, ko tsoro ne ya hana shi tuna yadda ake tsayawa. Yana taɓa kafaɗa, yana faɗin adadi, yana tafiya.

Layin kuma bai watse ba. Ya lanƙwashe, ya kumbura, ya tsinke a wasu wurare ya sake haɗuwa, amma duk wanda ya ɗaga ƙafa zai gudu sai ya waiwaya ya hangi hoton nan a sama, ya mayar da ƙafar. 'Yan bangar ma suka waiwaya. Wani mai jan ƙyalle a ka ya nuna da barandami, suka bar wutsiya suka nufo kai.

Bugun farko a damtsen hagu ne, da gora. Na ji ƙarar ƙashin duk da ihun da ake yi. Hannun ya sauka kamar igiya. Sanda ta karkace, hoton ya fara gangarowa, fuska ƙasa, laka tana jiran sa. Na ga abu yana motsi a cikin rigar Kawu.

"Kawu, sake shi," na ce. "Sake shi, an riga an ƙirga ka."

Daga layin mata na ji muryar Inna, ba ta ma ɗaga ta sosai ba. "Malam."

Bai kalle ta ba, bai kalle ni ba. Ya kalli lakar, ya kalli wuyan rigar nan da yake zuwa mata, tambari da aska da azumin bara gaba ɗaya. Hannun dama ya fito ya cafe sandar, ya miƙe da ita har ta fi ɗazu tsayi.

Ba su doke shi a kai ba. Da sun yi haka da sun yi masa alheri. Sun ga inda riƙon yake, can suka nufa. Wani ya ɗaga ƙafar benci ya sauke ta a kan yatsun, katako a sama katako a ƙasa, ƙarar kamar ana taka busasshen kara. Ya sake ɗagawa, ya sake saukewa. Akwai ƙusa a jikin katakon, ta shiga ta bayan hannu ta fito da fata. Kawu ya rungume sandar da gwiwar hannu da haɓa, yatsun suna nan inda suke, jini yana bin sanda yana shiga hannun riga. Bai yi ihu ba. Wani irin nishi yake yi ta hanci, irin wanda yake yi in zare ya sarƙe. Na yunƙura in isa wurinsa, sarƙar keke ta same ni a kunci, na zauna cikin laka ina ganin filin makaranta biyu.

Abin da ya cece shi wani sashe ne na dokar zaɓe da waɗanda suka rubuta ta ba su yi tunaninsa ba. Duk wanda biro ya taɓa ya 'yantu. Ba abin da zai rasa in ya bar layi. Saboda haka kowace ƙirga tana haifar da mayaƙi. Malamin yana tafiya baya, waɗanda ya taɓa suna kwararowa gaba, kuma a tsakiyar layin nan mahautan unguwa suke. Da biro ya iso kansu sai lissafi ya juya. Ba zan ce abin da muka yi ya fi nasu kyau ba. An fasa kan mai jan ƙyalle da bulo. An kama wani an yi ta buga fuskarsa da ƙarfen ƙofar makaranta har ƙofar ta lotsa. Motarsu ta tashi ba gilashi, wasu suna rataye a bayanta, ta bar guda ɗaya cikin kwata, kunnensa yana lilo, mutanen da na sani da sallah a sahun gaba suna tattaka shi suna kabbara.

Can a kan titi malamin ya taɓa mutum na ƙarshe, ya faɗi adadi da iyakar muryarsa, ba wanda ya ji. Maganar ta biyo layi baki-baki har ta iso gaba: an gama. Ciyaman ya fito daga bayan tanki ya zo karɓar hoto. Sai da aka ɓamɓare yatsun daga jikin sanda ɗaya bayan ɗaya, domin sun daina jin magana.

"Kada ya taɓa ƙasa," in ji Kawu, sannan shi ya taɓa ta.

Mai kemis na bakin titi ne ya buɗe mana ƙofa. Mutumin kudu ne, ya daɗe a Bauchi har ya fi wasunmu sanin lungunanta, sai dai a Hausarsa kowa namiji ne. Ya sa aka shigo da Kawu, ya koma da kansa ya jawo na cikin kwata ta ƙafa, ya kwantar da su a siminti ɗaya, ya rufe ƙofa da sakata.

"Oga, wancan ai shi ne, ɗan bangar," in ji wani.

"A nan babu shi ne," in ji mai kemis, ya juya wajen Inna. "Mama, ka riƙe kansa, kada ka bari ya duba."

Amma Kawu ya riga ya duba. "Oga, zai koma aiki?"

Mai kemis ya ce a kawo ruwa da auduga.

Inna tana riƙe da kan mijinta a cinya, zanenta ya jiƙe da jini. Ba ta yi kuka ba a lokacin.

"Na hagun fa?" ta tambaya.

"Ya karye, Mama."

"To madalla, Malam," in ji ta. "Ka yi adalci. Ba wanda ka bari."

An kai shi asibiti, daga baya aka kai shi wajen wani mai ɗori a Zungur da ake ta labarinsa. Na hagu ya warke sarai, kamar don ya ba mu haushi. Na dama ma ya warke, amma a karkace. Babban yatsa da manuni suka daina haɗuwa. Tsakaninsu sarari ya rage wanda goro zai wuce. Na ga ranar da ya gwada. Inna ta zura masa zare, ta sa masa allura tsakanin yatsun, ta saki. Allurar ta faɗi kan tabarma. Ya ce a sake. Aka sake. Daga nan ya ce haske ne bai isa ba, a bari sai gobe.

Ɗan takararmu ya ci. Ana shirin rantsar da su sai ga ɗan aike daga Kaduna da sabuwar farar shadda, wai ranka ya daɗe ya ce a yi masa irin na cikin hoto sak, da shi zai shiga majalisa. Kawu ya shimfiɗa yadin a cinya, ya shafa shi da bayan hannu. Inna ce ta naɗe shi ta mayar wa ɗan aike.

"Kai shi kasuwar Wunti," ta ce. "Akwai masu inji."

Mun kalli rantsuwar a talabijin ɗin mai kemis. Hoton ba launi, yana ta yayyafi, sanatocin ƙanana kamar ƙudaje, amma da namu ya gifta Kawu ya ce, "Inji," ya tashi ya fita. Sanatan ya aiko masa da gaisuwa ta bakin ciyaman, ciyaman ya manta, sai da shekara ta zagayo ya tuna. Kafin wannan shaddar ta koɗe soja suka sake shawara, suka rufe majalisar, kowa ya koma inda ya fito.

Daga nan tarihin ya ci gaba, na kuma ci gaba da koyar da shi. An yanki gabashin jihar an yi wata jiha, an sake raba kujeru, an koma akwati, akwati ya koma haihuwa. An tura wasu, an dawo da wasu, wasu sun tafi da jam'iyya ɗaya sun dawo da wata, dukansu cikin aikin inji. Kawu ya zauna a zaurensa yana sayar da zare ga masu injin, yana gaya musu kuskurensu kyauta. Masar da Inna ta fara toyawa a ƙofar gida ita ta zama tukunya, ita ta zama makarantar yara. Har ya bar duniya, in aka zo maganar siyasa sai ya ɗaga karkataccen hannun ya ce, "Ni dai ban sake shi ba har aka ƙirga na ƙarshe." Gaskiya ya faɗa, ni shaida ne, kuma na faɗi haka a gaban aji fiye da yadda manhaja ta yarda.

Da yammacin ranar zaɓen, a ofishin tattara sakamako, an soke rumfarmu saboda hatsaniya. Babu ko mutum ɗaya daga layinmu a cikin ƙuri'un da sanatan ya ci da su.